Cocin Wolvendaal na Kolombo: me ya riƙe ginin marmara sama da shekara 260?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga wani gini da nake so masana gini da masana tarihi na wannan zaure su duba mana, wato cocin Wolvendaal da ke unguwar Pettah a Kolombo, ƙasar Siri Lanka. 'Yan Holan sun ƙwace Kolombo daga hannun 'yan Fotugal a 1656, ƙarƙashin kamfanin kasuwancinsu na gabas, VOC, wanda aka kafa a 1602. Da farko tsohon cocin 'yan Fotugal da ke cikin ganuwa suka gyara suna ibada a ciki. Zuwa 1736 ya lalace, gwamna Van Imhoff ya nemi izinin rushe shi a gina sabo, manyan kamfanin suka ƙi. Sai da gwamna Stein van Gollenesse ya zo a 1743 maganar ta motsa, shi ne ya zaɓi wani tudu a bayan ganuwa. An aza harsashi a 1749, aka shekara takwas ana aiki, aka buɗe ranar 6 ga Maris 1757. Shi Van Gollenesse bai ga ƙarshen aikin ba, ya bar ƙasar a 1751, ya rasu a 1755, amma harufan farko na sunansa suna jikin ginin. Har yau ana ibada a ciki. Tambayata: ana kiransa ginin dutse, alhali abin da aka gina shi da shi, wanda mutanen can ke kira kabuk, marmara ce. Yaya aka yi marmara ta jure ruwan Kolombo tsawon wannan lokaci?

Baba Ɗanlami Magini: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, anya marmara ce zalla? Marmarar da muka sani ta ciko ce da daɓen hanya. Ka ɗauki dunƙule ka buga da guduma, sai ta wargaje ta zama tsakuwa. Ni dai ina zaton akwai dutse na gaske a cikin bangon, marmarar cikon tsakiya ce kawai.

Injiniya Bulus: Baba, ranka ya daɗe, marmara ce, sai dai ba ta saman ƙasa ba. Wadda ka kwatanta ita ce ɓawon sama da rana da ruwa suka riga suka farfasa. A ƙasashe masu ruwa da yawa, irin su Siri Lanka da gaɓar Malabar ta Indiya, idan aka kwashe ƙasar sama ana tarar da ita shimfiɗe, a dunƙule, da danshinta. A wannan hali tana da taushin da za a sare ta da gatari a fitar da ita kamar bulo. Idan ta sha iska ta bushe, sinadarin ƙarfen da ke cikinta ya kama jiki, sai ta yi tauri. Shi ya sa ba a ɗora ta a gini ranar da aka saro ta. Ana jera ta a inuwa, da tazara tsakani, ta yi makonni tana bushewa.

Aibinta biyu. Duk jikinta ƙofofi ne, tana shan ruwa sosai, kuma idan ta jiƙe ƙarfinta yana raguwa. Don haka ba a barin ta tsirara. Bangon Wolvendaal kaurinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, ƙafa biyar ke nan, an kuma rufe shi da shafen farar ƙasa wadda aka samo daga dutsen murjani na teku.

Baba Ɗanlami Magini: To ai ka ga maganata ta fito. Ƙafa biyar! Da abin yana da ƙarfi da ba su yi wannan kauri ba.

Injiniya Bulus: A nan ne mutane da yawa ke kuskuren lissafi, Baba. Kauri ba ya rage wa bulon ƙasa nauyin bangon da ke kansa. Mu ɗauki misalin bango mai tsawon mita 10. Marmara tana kai wajen tan 1.9 a kowace mita kubik. Kowace murabba'in mita ta gindin bangon tana ɗauke da tan 19, ko kaurin bangon rabin mita ne ko mita biyu, domin duk abin da ka ƙara na kauri ka ƙara nauyi, ka kuma ƙara faɗin wurin da zai ɗauke shi. Tan 19 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da marmara mai kyau ke ɗauka ba.

Kaurin don turin gefe aka yi shi. Asalin ginin yana da tulluwa ta jan bulo a tsakiya. Kai ka fi ni sanin halin bakan gizo: nauyinsa ba ƙasa kaɗai yake sauka ba, yana tura bangon waje. Marmara da farar ƙasa suna jure danni amma ba sa jure ja, ga shi babu rodi a ciki. Abin da zai tare wannan turi shi ne nauyin bangon kansa. Sannan fasalin ginin gicciye ne mai hannu huɗu daidai wa daida, tulluwar a mahaɗa, kowane hannu yana tokare ta ta ɓangarensa.

Malama Rahila: In ƙara a kan maganar fasali, Injiniya. Ba dabarar gini ce kaɗai ba, akida ce. Cocin Katolika dogo ake yin sa, ido na kan bagadi can ƙurya. Su 'yan Holan mabiya koyarwar Kalbin ne, wani malamin Furotesta, wa'azi shi ne jigon ibadarsu, don haka suna so kowa ya zauna kusa da mumbari ya ji muryar mai wa'azi, a zamanin da babu lasifika. Gicciye mai hannuwa daidai yana ba da wannan. Sun riga sun gwada shi a gida, a cocin Noorderkerk na Amsterdam da aka gina tsakanin 1620 da 1623. Wolvendaal yana ɗaukar mutum wajen 1,000. Babu gumaka, bango fari ne fes.

Malam Nasiru: Tulluwar da Injiniya ya ambata ba ta nan yanzu. A ƙololuwarta akwai zaki na tagulla da kambi a ka, riƙe da takobi da kibiya bakwai, alamar larduna bakwai na Jamhuriyar Holan. A 1856 tsawa ta faɗa masa, ta lalata zakin, ta yi wa tulluwar mummunar illa. Daga baya aka maye gurbinta da rufin ƙarfe.

Injiniya Bulus: Kuma ba abin mamaki ba ne. Ƙarfe a saman gini mafi tsawo, a kan tudun da har jiragen ruwa ke saita hanyarsu da shi, ba tare da wata hanya da wutar za ta bi ta sauka ƙasa ba. Idan tsawa ta sauka a irin wannan wuri, sai ta bi danshin da ke cikin bulo da shafe. Ruwan ya koma tururi nan take, ya nemi mafita, ya fasa ginin daga ciki. Maganinsa a yau ba wuya: sandar ƙarfe a ƙololuwa, ɗamarar tagulla mai faɗin milimita 25 da kaurin milimita 3 ta sauko ta jikin bango, aƙalla ta ɓangare biyu, ba tare da lanƙwasa mai tsini ba, a haɗa ta da sandunan da aka kafa a ƙasa mai danshi. Awon turjiyar ƙasar kada ya wuce om 10, wato a ma'aunin turjiyar lantarki. Inda ake samun matsala shi ne mahaɗa: ko ta yi tsatsa, ko ɓarayi sun yanke tagullar daga ƙasa. Sanda a sama da yankakkiyar ɗamara ta fi rashin sandar haɗari.

Hajiya Bilki: Sannunku da ƙoƙari. Ni a ganina amsar tambayar Malam Nasiru tana wurin shafen, ba wurin marmarar ba. Kolombo tana samun ruwan sama wajen milimita 2,400 a shekara, ninkin na Kano fiye da sau biyu, ga iskar teku mai gishiri. Babu shafen da zai hana ruwa shiga bango a irin wannan wuri. Abin da ake nema shi ne ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita, kuma farar ƙasa tana ba shi wannan hanya.

Amma a bambance: ba farar ƙasar da ake haƙowa a jiƙa a shafa wa ɗaki nake nufi ba. Wadda nake nufi ƙonawa ake yi. Ana samo ta daga dutse irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, ko ɓawon kifin teku, ko murjani. Ana gasa shi a murhu har zafi ya kai wajen digiri 900. Kilo 100 na dutse mai kyau yana komawa kilo 56, sauran ya fita a iska. Idan wuta ta gaza, tsakiyar dutsen tana nan ɗanye, ba za ta narke ba. Idan ta yi yawa, sai ya ƙi shan ruwa da wuri, ya zo yana fashewa a jikin bango bayan an gama shafe, ka ga ƙananan ramuka sun fito.

Bayan gashi sai kashe ta. Ana zuba ƙonannen dutsen a cikin ruwa, ruwan ya fi shi yawa, ana juyawa. Tafasa take yi da kanta, kuma tana makantarwa, don haka dole a rufe ido da hannu. A tace ta da rariya zuwa rami, a bar ruwa ya rufe kanta, ta kwanta aƙalla wata uku. Duk daɗewarta ƙara laushi take. Kwaɓin kuwa, awo ɗaya na farar ƙasa, awo biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi wanda aka wanke. Ba a ƙara ruwa da yawa, duka ake yi har ta yi danƙo.

Shafen hawa uku ne. Na farko kaurin milimita 10, a karce fuskarsa don na biyu ya samu wurin kamawa. Na biyu shi ma wajen 10. Na ƙarshe milimita 3 da yashi mai laushi. Tsakanin hawa da hawa a ba da mako guda ko fiye, ana yayyafa ruwa, a rataya jiƙaƙƙen buhu don kada rana ko iska ta busar da shi da gaggawa. Farar ƙasa ba bushewa ce ke sa ta tauri ba, iskar da ta fita daga dutsen a murhu ita take sake sha a hankali har ta koma dutse. Idan ta bushe da wuri wannan aiki ya tsaya, ka shafa hannu ka ga tana zuba kamar gari.

Baba Ɗanlami Magini: Hajiya, Allah ya ƙara basira. Amma wata uku ana jiran kwaɓi, wane mai aiki zai yarda? A zuba siminti ko da kwano ɗaya ne a cikin kwaɓin, ya kama da wuri, kowa ya huta.

Hajiya Bilki: Baba, wannan kwano ɗayan shi ne ya kashe tsofaffin gine-gine da yawa. Siminti a kan marmara kamar mutum ne ya sa rigar leda a watan bazara, zufa ba ta da wurin fita. Ruwa zai shiga ta siririyar tsaga da ta ƙasa, ya tsaya a bayan shafen. Daga waje bango lafiya lau. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar fanko, ka ɓamɓare ka tarar marmarar ta koma jan gari, shafen ya fito da fuskar bulon a manne da shi. Ga gishiri kuma: danshin da ke tasowa daga ƙasa yana ɗauke da shi, duk inda ruwan ya bushe nan gishirin ke daskarewa yana faɗaɗa. Idan shafen farar ƙasa ne, a cikin shafen yake daskarewa, shafen ya lalace a sake wani, bango ya tsira. Idan siminti ne, a cikin marmarar yake yi, kuma danshin yana ƙara hawa sama yana neman inda zai fita.

In ana son kwaɓi ya kama da ɗan sauri, akwai garin jan bulo wanda bai sha wuta sosai ba, a daka shi lilis a gauraya. Maginan Indiya sun daɗe suna yin haka. Fenti ma haka, ba a sa mai mai ko na roba. Ruwan farar ƙasa tsararo, shafa huɗu ko biyar, kwana guda tsakani, a kan bangon da aka ɗan jiƙa.

Abu ɗaya da ba za a maimaita ba shi ne murjanin. Dokar Siri Lanka ta hana haƙarsa a teku, domin shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Yanzu da dutsen tudu ake yi.

Ustaz Kabiru: Na karanta duka, na kuma ƙaru. Amma ina ganin muna yabon bango mun manta da wanda ya biya kuɗinsa. VOC kirfa ce ta kai ta Siri Lanka. Ta hana kowa sayar da ita sai ita, ta ɗora wa mutanen Salagama, wani rukuni na 'yan ƙasar, aikin ɓare ɓawonta a matsayin wajibi, da adadin da kowa zai kawo. Ta yi aiki da bayi, akwai ma unguwa a Kolombo da aka daɗe ana kira Tsibirin Bayi. Musulmin ƙasar, waɗanda suka riga su a fataucin teku, an takura musu, an hana su mallakar gida a cikin ganuwa da Pettah, kuma wannan hani bai tashi ba sai 1832, zamanin Ingilishi. Gini irin wannan tutar masu mulki ce a kan tudu. Me zai sa 'yan ƙasa su kashe dukiya wajen raya shi?

Malama Rahila: Ustaz, ban musa ko ɗaya ba, zan ma ƙara maka. Kiristoci 'yan uwansu ma ba su tsira ba. Tun 1658 'yan Holan suka haramta ɓoye limamin Katolika. Limamin Katolika Joseph Vaz da ya shigo daga Goa ta Indiya a 1687 sai da ya ɓad da kama kamar lebura, yana bi gida gida da dare. Samun muƙami a hannun kamfani kuma sai wanda aka yi wa baftisma a cocinsu, shi ya sa rajistarsu ta cika da sunaye, amma da Ingilishi suka karɓi Kolombo a 1796 jama'a da yawa suka koma addininsu na da. Yau Katolika sun kai wajen kashi 6 cikin 100 na ƙasar, Musulmi wajen kashi 10, mabiya cocin 'yan Holan kuwa 'yan tsiraru ne ƙwarai. Tilas ba ta dasa musu komai ba.

Inda na saɓa da kai shi ne batun rayawa. Masu ibada a wurin yau 'yan Siri Lanka ne, da Tamil da Sinhala da Turanci ake sujada. Kuma cikin ginin kansa shaida ce a kan abin da ka faɗa. Ga keɓaɓɓen mazaunin gwamna, ga kujerun manyan mata waɗanda bayi ke ɗauko musu daga gida. Wanda ya shiga ya ga yadda aka jera mutane bisa daraja a gaban Allah, ya fahimci mulkin fiye da wanda aka ba shi labari.

Ustaz Kabiru: Wannan hujja ce, Malama. To amma a riƙa faɗin haka ga masu ziyara, kada a tsaya ga sunayen gwamnoni. Hannuwan da suka sare marmarar, suka gasa murjanin, na 'yan ƙasa ne, kuma ba sunansu ne a jikin bango ba.

Awal Kumasi: Ustaz ya tuna min da namu na nan Gana. 'Yan Holan sun ƙwace sansanin Elmina daga 'yan Fotugal a 1637, suka mai da cocin 'yan Fotugal da ke tsakar gida wurin ciniki, suka yi nasu ɗakin ibada a hawa na sama, bayi suna tsare a kurkukun ƙasa. Sun zauna har 1872. Kamfani ɗaya ne da na Kolombo?

Malam Nasiru: A'a Malam Awal, ƙasa ɗaya, coci ɗaya, kamfani daban. Na Elmina shi ne WIC, na yamma, wanda aka kafa a 1621, shi ke da gaɓar Afirka ta Yamma da Amurka. VOC daga kudancin Afirka ta yi gabas.

Wani abu da ke ruɗa masu karanta tarihin Wolvendaal: daɓen cocin shimfiɗe yake da allunan kaburbura, kuma da yawansu shekarun da ke jiki sun girmi ginin. Dalili shi ne a 1813, zamanin gwamnan Ingilishi Brownrigg, tsohon cocin cikin ganuwa ya zama kango, aka kwaso ƙasusuwan manyan 'yan Holan da allunansu, da dare, da fitilu, aka kawo su nan. Cikinsu akwai gwamnoni biyar, har da Van Eck, da Falck wanda ya rasu a 1785, da na ƙarshensu Van Angelbeek da ya rasu a 1799. Haka ma kwanon baftisma na azurfa, kyautar gwamna Van Goens ce tun 1667, shekara 90 kafin a buɗe cocin. Don haka ba a auna shekarun gini da abin da aka tarar a cikinsa. Ƙararrawar kiran ibada ma ba a jikin cocin take ba, tana hasumiyar Ƙofar Kayman a gindin tudun.

Baba Ɗanlami Magini: Kujerun nan da wane katako aka yi su da gara ba ta cinye su ba?

Malama Rahila: Baƙin katako ne, Baba, na itatuwa biyu dangin kanya da ke fitowa a dazukan ƙasar. Ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya mai ratsin ruwan ƙasa, ana ce masa kalamanda. Zuciyar itacen tauri gare ta da nauyi, gara ba ta cika samun ta ba. Kalamanda an sare shi zamanin Turawa har ya kusa ƙarewa.

Injiniya Bulus: Mu koma kan rufi, domin duk bayanin Hajiya ba zai yi amfani ba idan sama na yoyo. Gini mai fasalin gicciye yana da lungu huɗu na ciki inda hannu ya haɗu da hannu, kuma ruwan rufi biyu nan yake taruwa. Ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, ruwa ya cika ya kwarara ta kan bango. Bango mai kaurin ƙafa biyar idan ya sha ruwa daga sama, shekaru yake ɗauka kafin ya bushe. Kan katakon rufin da ke binne a cikinsa ya ruɓe, gara ta biyo danshi. Ƙusa ko maƙalin ƙarfe da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga bulo. A share indararo sau biyu a shekara, kafin ruwan Afrilu da kafin na Oktoba. Tsiron dangin ɓaure da tsuntsaye ke yar da irinsa a tsaga, ba a fizge shi, saiwar za ta fito da bulo. A yanke, a kashe kututturen da magani, in ya bushe a zare a cike gurbin.

Baba Ɗanlami Magini: To Hajiya, inda aka riga aka yi ɓarnar, an shafe da siminti, marmarar ta zube, yaya ake yi?

Hajiya Bilki: Da kurfi da guduma ta hannu ake ɓamɓare simintin, Baba, ba da inji ba, kuma yanki yanki. Kafin nan a gyara rufi da magudana, a sauke ƙasar da ta taru a gindin bango, a cire daɓen siminti da ya manne da shi a zuba tsakuwa. A bar bangon ya sha iska, da rumfa a kansa, ko da wata shida ne. Farin gishirin da zai fito a share shi da busasshen burushi a kwashe, kada a wanke da ruwa, komawa ciki zai yi. Inda zaizayar ba ta wuce santimita 3 ba, a cike da kwaɓin farar ƙasa da gutsattsarin marmara, hawa hawa. Inda ta yi zurfi, a sassaƙe ruɓaɓɓen har a kai lafiyayye, a saka sabon bulon marmara da ya riga ya bushe, zurfinsa aƙalla santimita 10, a jiƙa gurbin kafin a zaunar da shi. Kada a buɗe gurbi biyu maƙwabta a lokaci ɗaya, kuma a ƙarƙashin bakan gizo sai an kafa tokari tukuna. Shafen farko da za a yi a gindin bango a ɗauka na wucin gadi ne, zai jawo sauran gishirin ya lalace cikin shekara biyu ko uku, a kankare shi a yi na dindindin.